Mai Tsani, Jar Wayar Tana Nan a Raminta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Litinin, sha biyu ga watan nan, da hantsi, Allah Ya karɓi ran maƙwabcinmu na bene na uku, wanda duk gidan nan muke kira Mai Tsani. A wurin aiki ya ce wa abokansa kansa na juyawa, ya nemi kujera ya zauna, kafin a isa asibiti da shi rai ya yi halinsa. Ya bar matarsa da 'yan biyunsa, ya bar mahaifiya da yaya da ƙanwa, ya kuma bar mu.

Mai Tsani, bari in fara da abin da ka saba tambayata idan mun haɗu a matakala. Baban yara lafiya lau, yana kan hanya da motar kaya, sai ƙarshen mako zai dawo. Babbar 'yata da jaririnta suna lafiya. Ɗan tsakiya mura ta kama shi, ta sake shi. Ni ƙafata ce kamar kullum. Auta ce ba lafiya. Tun da ta ji labarinka abinci ya ƙi zauna mata, zuciyar kuma ta koma irin tsallen da ta daɗe ba ta yi ba. Kullum ita kake bari a ƙarshen tambaya, ka ce sai ka gama da masu sauƙi tukuna.

Ka san ban daɗe da iya rubutu ba, da furfura a kaina na shiga aji. Amma na ga mutane da yawa sun zo gaisuwa, abin da suka sani game da kai shi ne mutum ne mai yawo da tsani da naɗin waya a kafaɗa. Ina so su san sauran. Akwai kuma roƙon da zan yi wa yayanka a ƙarshe, wanda bakina ya kasa faɗa a gabansa.

Auta shekararta sha huɗu, da ciwon zuciya aka haife ta. Bara ta yi watanni a gadon asibiti har ta daina magana da kowa, sai kallon bango. Daga nan likita ya ce za a iya sallamarta, da sharaɗi guda. Za a manna mata wani ɗan abu a ƙirji, shi kuma ya riƙa ba wata ƙaramar na'ura da ke gefen gadonta labarin bugun zuciyarta, na'urar ta aika asibiti ta intanet. A can akwai nas da ke zaune gaban allo tana kallo. In ta ga abin da bai yi mata ba, za ta kira ni ta faɗa mini maganin da zan ba ta, ko ta turo mota.

Gidan nan layi ɗaya ne ya shigo mana daga waje. Yana shiga wani ɗan kabad da ke ƙarƙashin matakala, daga nan wayoyi su rarrabu zuwa ɗakin kowa. Da safe ba matsala. Amma da an yi la'asar, yara sun dawo makaranta, manya sun taso aiki, kowa ya kunna kallonsa, sai wayata ta yi ƙara. Nas ce: "Mama, ba ma ganinta. Tana zuwa tana ɓacewa." Mako bai cika ba likita ya ce in haka za a ci gaba, gara in mayar da ita gado.

A matakala ka same ni ranar, na zauna na rasa ta inda zan faɗa wa yarinyar. Ka jingina tsaninka da bango ka ce, "Maman Auta, wa ya taɓa ki?" Na faɗa maka, ko rabin abin da nake faɗa ban fahimta ba. Ka buɗe kabad ɗin ka daɗe kana kallo. Washegari ka zo da wani akwati mai ruwan toka, shimfiɗaɗɗe, da ramuka a jere a gabansa, kowane rami da 'yar fitilarsa. Ka ce naka ne, na aikinka, sunansa suwic. Ka ce tsohon da ke ciki ba ya bambanta kowa, wanda ya riga zuwa shi ke wucewa. Wannan kuwa ana iya koya masa wanda zai fara ba hanya.

Abin da ba zan manta ba shi ne ka ƙi yin aikin a ɓoye. Ba wanda zai gane da ka yi shiru. Amma ka bi ɗaki ɗaki ka tara mutane a bakin matakala ranar Asabar da rana, ka ce layin na kowa ne, ba za ka sa wani a gaba ba sai da yardar masu shi. Tela na bene na biyu, wanda ba ya ɗinki sai da fim a gabansa, shi ya fara magana.

"To, wato fim ɗina ne zai riƙa tsayawa ana wucewa?"

"Kafin ka ƙifta ido ta wuce, Tela," ka ce masa. "Kayan Auta bai kai maɓallin riga ba, naka kuwa katifa ce. Amma in katifa ta cika ƙofa, maɓalli ma sai ya jira."

"Kuma an ce kana ganin komai a wayarka. Har abin da nake kallo?"

"Nauyin kaya nake gani, ba na kwance su. Sai dai in ka ci gaba da tambaya zan fara zarginka."

Aka yi dariya, matar Tela ta fi kowa. Tela ya ce a ba yarinya hanya, amma in ta warke ita za ta riƙa share masa shago. Haka aka tashi, ba wanda ya ƙi.

Ka ɗauko jar waya, ita kaɗai ce ja a duk kabad ɗin, ka jawo ta daga gefen gadon Auta ka sa ta a rami na ɗaya. Ka manna wa kowace waya takarda da sunan ɗakinta da manyan baƙaƙe, ka ce in karanta maka su ɗaya bayan ɗaya, wai kana so ka tabbatar ba ka yi kuskure ba. Na san ba don haka ba ne. Lokacin ban fi wata biyu da fara aji ba, kuma ka tsaya da tsani a hannu har na gama haɗa baƙaƙen ba ka taya ni ba. Sannan ka ba ni makullin kabad guda, ka rataya ɗayan a ƙusa a bayan ƙofarku, ka ce, "Maman Auta, ki riƙe wannan. Darajar ta ramin ce, ba ta wayar ba. In aka mayar da jar wayar wani rami, fitila za ta ci gaba da ci, amma Auta ta koma bayan layi kamar kowa."

Daga ranar nas ba ta ƙara cewa ba ta ganinta ba. Yaran gidan suka sa wa wurin suna Ramin Auta, har ya zama abin wasa. In wani ya yi saurin tsallake layi a wurin ɗibar ruwa sai a ce masa, kai ma a rami na ɗaya kake?

Ba ka tsaya nan ba. Ka haɗa akwatin da wayarka ta hannu, kana ganin layin kowane ɗaki yana hawa yana sauka. Ka sa idan na'urar Auta ta bar wurinta ko ta yi shiru, wayarka ta yi wani kuka irin na tsuntsu, wanda Auta ta zaɓa da kanta. Wata rana ina shara da safe na ture wayar daga bayan gado ban sani ba. Ban ma ajiye tsintsiya ba ka kira ni daga wurin aiki: "Maman Auta, yau sharar ta yi ƙarfi. Leƙa bayan gado." Ka riga asibiti. Matarka, Maman 'Yan Biyu, ta sha faɗa mini cewa in tsuntsun nan ya yi kuka kana cin abinci, da loma a hannu kake tashi. Lokacin da 'yar Tela za ta yi jarrabawa ta intanet, ka ba ɗakinsu matsayi na biyu na yinin, ka sanar da kowa, da ta gama ka mayar da shi yadda yake. Ban taɓa jin ka karɓi ko ruwan sha a kan wannan aikin ba. Kai da kake kallon layin kowa, ba wanda ya san jininka yana hawa, har matarka.

Yanzu zan faɗi abin da ya faru ranar Laraba, domin ana ta maganarsa a gidan nan, kowa da yadda yake juya shi.

Ranar gidan ya cika da masu gaisuwa, daga ƙofar shiga har bene na uku takalma ne. Kusan kowa da waya a hannu, ana kiran 'yan uwa na nesa ana nuna musu taro. Mahaifiyarka tana can ƙasar da ƙanwarka take aure, tsufa da ciwo sun hana ta tafiya. Yayanka ya ajiye kwamfuta a kan tebur a falonku domin ta ga mutane, ta kuma ji addu'ar da za a yi maka bayan azahar. Amma hoton sai tsayawa yake, muryarta tana yankewa, tana ta cewa ba ta ji. Wani ya faɗa masa akwai ramin da ba ya jira. Ya ɗauki makullin da ke bayan ƙofa ya sauka, ya zare jar wayar ya sa ta ɗakinku a wurin. Bai yar da tamu ba, ya sa ta a wani rami na can ƙarshe, ya ga fitilarta ta kama, ya rufe kabad ya hau. Na yarda har cikin raina bai san ya yi wani abu ba.

Ni ina ɗaki da Auta. Tun safe take kuka, sai ta ce mini ƙirjinta yana kaɗawa kamar fiffike. Leɓenta ya canja kala. Ina neman lambar asibiti sai ga kiran nas: "Mama, mun ga wani abu ya fara, sai ta ɓace mana. Guntu-guntu take zuwa, ba zan iya cewa ki ba ta maganin ba sai na gani sosai. In ba irinsa ba ne, maganin zai cutar da ita. Ki duba layin yanzu."

Na duba bayan gado, waya tana nan. Na sauka da ƙafar nan tawa ina ratsa mutane, na buɗe kabad. Jar wayar tana can ƙarshe, fitilarta na ci. A rami na ɗaya wata ce, na karanta takardar da ka manna mata da hannunka, sunan ɗakinku ne. Daga sama ina jin muryar mahaifiyarka ta lasifika, a karon farko tana fita tangaram, tana kiran sunanka na yarinta. Malam ya fara gyara murya.

Mai Tsani, na ɗora hannuna a kan wayar, na kasa ja. Nas tana kunnena tana cewa, "Mama, kina jina?" Ina tunanin 'yata a kan gado ita kaɗai, ina tunanin tsohuwar da ba ta ga gawar ɗanta ba. Ban san iya lokacin da na yi a tsaye ba.

Sai na ji kukan tsuntsu yana saukowa daga matakala. Matarka ce, ba takalmi a ƙafarta, wayarka a hannunta. Tun ranar Litinin take ajiye da ita a ƙarƙashin filo. Ta juyo mini fuskar wayar, na ga rubutun da ka sa tun bara: Auta ba ta wurinta. Ta kawar da hannuna a hankali, ta zare wayar ɗakinta, ta mayar da ja a rami na ɗaya, ta danna har ta yi ƙas. Ta ɗakinku kuma ta sa a ramin da ja ta bari.

A sama muryar tsohuwa ta yanke. A kunnena nas ta ce, "Ga ta nan. Tsaya, kar ki kashe." Can ta ce in ba ta rabin farar ƙwayar, in kwantar da ita ta gefen hagu. Kafin la'asar zuciyar ta sauka.

Abin da ya biyo baya ban gani ba, ina wurin Auta, amma ƙofata a buɗe take. Yayanka ya sauko ya tarar da matarka a gaban kabad.

"Wa ya taɓa wayar nan? Ana tsakiyar addu'a."

"Ni ce, Yaya."

"Ke? Addu'ar mijinki? Ai na mayar musu da tasu, fitila ma tana ci."

"Fitila tana ci, Yaya, amma yarinyar ba ta isa asibiti. Ƙaninka ya ce ramin nan ba namu ba ne, ko da mu ne."

Ya ce, "Tsohuwa tana can tana tambaya me ya sa aka kashe mata." Ya hau. An sake kiran ta, amma hoton ya koma tsayawa kamar da, kuma har aka shafa ba ta ji ko kalma ɗaya daga addu'ar ɗanta ba. Wannan rashi ne na gaske, kuma saboda 'yata aka yi shi. Ba zan ce ƙarami ba ne.

Ranar Juma'a yayanka ya sanar cewa zai tattara duk kayan aikinka, tsani da wayoyi da wayar hannu da akwatin da ke kabad, ya tafi da su ranar Alhamis mai zuwa, a ajiye wa marayu har a yi rabo. Za a mayar da tsohon akwatin. Wasu suna cewa fushi ne. Ni ba zan faɗi haka ba. Kayan marayu ne, kuma amana ce a wuyansa. Na nemi abokin aikinka da ya zo gaisuwa, ya ce zai iya samo wani akwatin ya koya masa irin abin da ka koya wa wannan, amma an tura shi aiki wani gari, sai tsakiyar wata mai zuwa zai dawo. Tela ya ce shi da iyalinsa za su daina kallo gaba ɗaya, Allah Ya saka masa. Amma gidan ba Tela kaɗai ba ne, kuma ba zan iya tsayawa a ƙofar kowa da la'asar ina roƙo ba. Na faɗa wa likita. Ya ce in akwatin zai tafi, ba zai bar ta a gida ba ko yini ɗaya, kuma gadaje sun yi ƙaranci, sai na sanar da shi kafin Laraba mai zuwa domin ya riƙe mata guda.

Ka san abin da gadon nan ya yi mata bara. Kai ne mutum na farko da ta yi wa magana bayan ta dawo, lokacin da kake jan waya a gefen gadonta ka tambaye ta wane kala take so.

Tun ranar Laraba matarka ce ke riƙe da aikinka. Ba ta barin wayar ta mutu. Jiya da wuta ta ɗauke na ɗan lokaci, tsuntsun ya yi kuka, sai ga ta a ƙofata da ɗaya daga 'yan biyu a kafaɗa tana tambaya ko lafiya. Matar da ya kamata ni in riƙa hawa ina duba ta.

Allah Ya jiƙanka, Mai Tsani. Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Kamar yadda ka buɗe wa mai rauni hanya a lokacin cunkoso, Allah Ya sauƙaƙa maka tsayuwa ranar da kowa zai tsaya, Ya sa Aljanna ce makomarka. Maman 'Yan Biyu, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya raya miki yaran nan, Ya saka miki da abin da ni ba zan iya ba. Ga mahaifiyarsa, ina miƙa ta'aziyyata da neman afuwa. Ki sani addu'ar da ba ki ji ba an yi ta, kuma a ɗakina ana yi masa wata bayan kowace salla. Ga ƙanwarsa da abokan aikinsa da duk mutanen gidan nan, Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa.

Yaya, kai ma Allah Ya ba ka haƙuri, ƙani ka rasa. Ba na roƙon a ba ni akwatin. Aronsa nake roƙo, shi da wayar hannun, zuwa tsakiyar wata mai zuwa, kuma ranar da aka sa wani zan kawo maka su da hannuna duk inda kake. In ka ga ba zai yiwu ba, ba zan riƙe ka a raina ba. Abin da nake so shi ne in ji amsarka kafin ranar Laraba, ko ta bakin Maman 'Yan Biyu ne, domin in san abin da zan faɗa wa likita. Na sauko da jakar asibiti daga kan kabad ɗin ɗakina na tura ta ƙarƙashin gadona. Ban sa komai a ciki ba tukuna, kuma Auta ba ta gan ta ba.